Ƙoƙon bayan kunkuruna ya yi laushi: abinci ne ko rashin rana?

"Assalamu alaikum, likita. Ina zaune a Marwa. Shekara ɗaya da rabi ke nan da muka samu ɗan kunkuru, yarana suna matuƙar son sa. Muna ajiye shi a bahon roba a falo, kusa da tagar gilashi, saboda tsoron kare da shirwa. Muna ba shi ragowar shinkafa da tuwo, latas, tumatir da kankana, wani lokaci ɗan nama. Yanzu in na danna bayansa sai ya lotsa, gidajen bayan sun yi tudu-tudu, kuma yana jan ƙafafun baya. Wata maƙwabciya ta ce in jiƙa masa kanwa, wani ya ce in shafa masa man gyaɗa, ɗana kuma ya gani a intanet wai sai an sayi wata fitila ta musamman. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Alamu uku kika kawo, amma ba duka ne suka fito daga tushe ɗaya ba. Laushin ƙoƙo da jan ƙafa galibi ciwo ɗaya ne, ciwon ƙashi da ke kama dabba idan jikinta ya rasa sinadarin kalsiyam, kuma shi ne abin gaggawa domin yana kisa. Tudun da gidajen bayan suka yi matsala ce dabam, ta fi alaƙa da bushewar wurin da ya taso. Cikin shawarwari ukun da aka ba ki, kanwa da man gyaɗa ki bar su gaba ɗaya. Maganar ɗanki tana da tushe, sai dai an rubuta ta ne don masu kiwon kunkuru a Turai da Amurka, inda ake shafe watanni rana ba ta da ƙarfi. Mai tsakar gida a Marwa ba shi da wannan damuwar.

Kafin komai, ki tabbatar da irin kunkurun da ke hannunki, don abincinsu ya bambanta. Idan launinsa kamar na yashi ne, ƙafafun gaba masu kaurin ɓawo, na baya kamar na giwa, da ƙananan ƙahoni biyu ko uku a bayan cinya, to kunkurun tudu na Sahel ne, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Ana samun sa a gidajenmu daga Garwa har Injamena, kuma a kansa zan gina amsar. Idan kuwa bayansa a shafe yake, yatsunsa da fata a tsakani, yana lanƙwasa wuya gefe in zai ɓuya, na ruwa ne, zan taɓo shi a gaba. Kififiyar da masunta ke kamawa a Binuwai da Logon da Shari ita dama ƙoƙonta fata ce ta rufe shi, laushin gefensa halitta ce. Akwai kuma wani ƙaramin kunkurun tudu mai mahaɗi a ƙarshen bayansa, da yake rufe ƙafafun baya da shi, motsin wannan wurin ma ba ciwo ba ne.

Ƙoƙon nan ƙashi ne

Mutane da yawa sun ɗauka ƙoƙon kunkuru riga ce da yake shiga ciki. Ba haka ba ne. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin gadon bayansa suka faɗaɗa suka haɗe, ƙasusuwa sama da 50, sannan aka lulluɓe su da ɓawo mai gida-gida, irin abin da ke cikin farce da ƙaho. Akwai jini a ciki, akwai jijiya, yana jin taɓi yana jin zafi. Shi ya sa huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya, kamar yadda ake yi a wasu gidaje, daidai yake da huda ƙashin dabba da rai.

Ƙashi kuwa da sinadaran kalsiyam da fosfaros ake gina shi. Amma kalsiyam yana da wani aiki da ya fi wannan gaggawa: da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Don haka jiki ba ya yarda ya ragu a jini. In bai samu daga abinci ba, sai ya riƙa kwasowa daga ƙashi kaɗan-kaɗan, wata bayan wata. Abin da yatsanki ya ji ke nan lokacin da bayan ya lotsa. Ƙasusuwan ƙafa da na ƙugu su ma sun yi laushi, sun kasa ɗaga jiki daga ƙasa, sai ja. Jaririn kunkuru a watanninsa na farko ƙoƙonsa, musamman na ciki, yakan ɗan motsa in an danna, wannan ba komai. Amma mai shekara ɗaya da rabi ya kamata a ji shi da tauri kamar busasshiyar ƙwarya.

Ga inda rana ta shigo. Ko da kalsiyam ya cika abinci, hanji ba ya iya tsotse shi sai da bitamin D3, kuma kunkuru mai cin ciyawa a fatarsa yake haɗa wannan bitamin. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, ana kiran sa UVB. In ya sauka a fatar wuya da ƙafafu, sai ya juya wani sinadari da ke fatar, ɗumin jiki ya ƙarasa shi ya zama D3, hanta da ƙoda su sarrafa shi, sannan ya buɗe wa kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini. Gilashin taga yana barin haske da zafi su wuce, amma yana tare kusan dukkan UVB. To kin ga kunkurunki shekara ɗaya da rabi yana kwance cikin haske, amma a wajen ƙashinsa kamar a ɗaki mai duhu yake.

Yadda za a ba shi rana ba tare da ta kashe shi ba

Wani abin da ke cin ran ƙananan kunkuru a yankinmu, bayan an ce wa mai su ya fitar da su, shi ne a ɗauki bahon a aje a tsakar gida a tafi aiki. Kada ki yi haka ko sau ɗaya. Kunkuru ba ya gumi, da inuwa da rami yake sanyaya jikinsa. A watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40 a inuwa, cikin bahon roba ko saman siminti ya fi haka nesa, kuma ƙaramin kunkuru zai iya mutuwa kafin rabin awa. Alamar zafi ya yi masa yawa ita ce kumfa a baki da ƙoƙarin tserewa ba ji ba gani. In kin ga haka, ki kai shi inuwa ki riƙa zuba masa ruwan randa a hankali. Ban da ruwan ƙanƙara.

Abin da ya dace shi ne a yi masa ɗan shinge a kan ƙasa, a wurin da ranar safe ke sauka, bango ko bishiya kuma ta tare ta tsakiyar rana. Mita ɗaya da rabi a tsawo, mita ɗaya a faɗi ya ishe shi yanzu. A jera bulo mai tsayin santimita 30 zuwa 40, a nutsar da layin farko cikin ƙasa domin gwanin haƙa ne. A rufe sama da wayar kaji mai manyan idanu, ita za ta tsare shirwa da hankaka da kare. Kada a sa ragar sauro ko leda ko gilashi, domin suna rage UVB ɗin da ake nema. Rabin shingen ya kasance a inuwa kullum. Da dare a shigo da shi ɗaki saboda ɓera da gafiya, masu gaigayar ƙafafun ƙananan kunkuru, kuma ƙoƙo mai laushi ba ya kare komai.

In ba a samu yin shingen nan take ba, ki riƙa fitar da shi awa ɗaya zuwa biyu kullum, tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, da bazara kuma ki tsaya a ƙarfe 10, wani yana zaune kusa, inuwa kuma tana inda zai iya kai kansa. Shi ya fi kowa sanin lokacin da ta ishe shi. Abin da ake so, wurin shan ranar ya kai kamar digiri 35, inuwar kuma 26 zuwa 30. Da hunturu, ƙura tana rage ƙarfin hasken, sai a tsawaita lokacin zuwa tsakar rana, kuma daren Disamba da Janairu yana yi wa ƙarami sanyi, kada ya kwana inda ya gaza digiri 20.

Ki kuma sa a ranki cewa wannan shingen na ɗan lokaci ne. Sulcata shi ne mafi girman kunkurun tudu a nahiyar Afirka, babba yakan wuce kilo 50, ya rayu fiye da shekara 50, ya haƙa ramin da zai iya rusa tushen katanga. Yawansa a daji ya ragu ƙwarai, yana cikin dabbobin da yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, wato CITES, ta sa wa ido, kuma tun shekarar 2000 aka hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji don kasuwanci. Wanda ke hannu a riƙe shi da amana, amma kada a ƙara sayen na daji.

Maganar fitila

Fitilar tana da amfani ga wanda ke zaune a bene ko ɗakin haya da ba inda rana ke sauka. Wadda ake nufi doguwar fitila ce da aka ƙera don dabbobi masu rarrafe, irin T5, an rubuta UVB kashi 10 ko 12 a jikinta. Ana rataye ta kamar santimita 40 sama da bayan kunkurun, ba gilashi a tsakani, a kunna awa 10 zuwa 12 a yini, a haɗa da ƙwan fitila mai zafi a gefe ɗaya. Ƙarfin UVB ɗinta yana raguwa ko da tana ci gaba da haske, don haka ana canja ta duk shekara, ƙananan irin kuma duk wata shida. Ki haɗa tsadarta da wuyar samunta da ɗaukewar wuta, za ki ga ranar tsakar gida ta fi ta ta kowace fuska.

Ƙwan LED na ɗaki ba ya ba da UVB. Shuɗiyar fitilar duba jabun kuɗi ma ba ta yi. Wadda kuma ake kashe ƙwayoyin cuta da ita a asibiti ko a injin tace ruwa, mai wani hasken dabam da ake kira UVC, tana ƙona ido da fata, ta kunkuru da ta yaranki.

Abinci

Kunkurun Sahel cikinsa na ciyawa ne mai yawan zare da ƙarancin maiƙo. Ƙa'idar da ake bi ita ce kalsiyam a abincinsa ya ninka fosfaros aƙalla sau biyu. Abin da yake ci a gidanki kuwa a juye yake. A dafaffiyar shinkafa fosfaros ya ninka kalsiyam wajen sau huɗu, a tsokar nama fiye da sau goma. Tuwon dawa ko masara ma haka, ga shi hatsi yana ɗauke da wani sinadari mai riƙe kalsiyam ya hana hanji tsotsa. Latas kusan duka ruwa ne. Tumatir da kankana zaƙi ne da ruwa, suna kawo zawo. Nama yana da wata illar kuma: yawan furotin yana wahalar da ƙoda, in ya haɗu da ƙarancin ruwa sai tsakuwa ta taru a mafitsara.

Kashi takwas cikin goma na abincinsa ya zama ciyawa: ƙiri-ƙiri, harkiya, guɗe-guɗe, ɗanyar kyasuwa tun ba ta yi kai ba, burgu ga waɗanda ke kusa da ruwa. Da rani busasshiyar ciyawa mai tsabta, wadda ba ta yi fumfuna ba, a yayyanka ta ƙanana a jiƙa minti 15 ta yi laushi. Sauran kashi biyun ganye ne: lalo, ganyen kabewa, ganyen kuɓewa, ganyen dankalin Hausa, rama. Zogale yana da kalsiyam sosai, amma furotin ɗinsa ma da yawa, sai a sa ɗan kaɗan sau biyu a mako. Harawar wake da ta gyaɗa haka take, a barbaɗa kawai. Alayyafo da yakuwa, wadda ake ce wa folere a kasuwar Marwa, suna da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, don haka a jingine su har ƙoƙon ya yi tauri.

Inda aka yanko ciyawar ma abin dubawa ne. A guji ta gefen gonar auduga da duk inda aka yi feshin maganin ƙwari ko na ciyawa, da ta bakin kwalta. A tsince shingen daga tumfafiya, zaƙami, zurma, bini-da-zugu, aguwa da tinya, dukkansu guba ne. Ɗanyen ganyen rogo da tohon dawa ma kada a ba shi.

Zai ƙi ciyawar da farko, domin ya saba da zaƙi. Shinkafa da tuwo da nama a yanke su yau. Latas kuwa a yi amfani da shi a matsayin tarko: a yayyanka shi tare da ciyawa da lalo har ya kasa tsincewa, a riƙa rage latas ɗin cikin mako biyu zuwa uku. Babban kunkuru mai lafiya ana iya barin sa da yunwa har ya sauko, amma ƙarami marar lafiya ba a yi masa haka. A ba shi da safe bayan jikinsa ya ɗumama, a kan faranti ko falalen dutse, don kada ya haɗiye yashi.

Ƙarin kalsiyam yana cikin kicin ɗinki. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa kalsiyam kabonet ne, wajen kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa kalsiyam zalla. Ki tafasa shi minti 10, ki shanya ya bushe ƙarau, ki daka ki tankaɗe ya zama gari mai laushi. Ma'aunin shi ne kamar giram 1 a kan kowane giram 100 na ɗanyen abinci. Ga ɗan kunkurunki, abin da yatsu biyu suka ɗebo ya isa, a barbaɗa a kan jiƙaƙƙen ganye kullum na wata uku, daga baya sau uku a mako. Garin ɓawon kawa da masu sayar da abincin kaji ke da shi ma yana yi, in tsantsa ne ba a haɗa shi da komai ba.

Kanwa gishirin sodiyam ce. Makiyaya suna ba shanu ita don wata buƙata ta dabam, ba ta gina ƙashi, kuma ƙodar kunkuru ba ta jure gishiri mai yawa. Toka da farar ƙasar shafen bango suna ƙona baki. Garin ƙashi yana zuwa da nasa fosfaros ɗin, ba zai gyara ma'aunin da ya riga ya karkace ba.

Idan na ruwa ne a hannunki, rana da kalsiyam ɗin duk ɗaya ne, abincin ne ya sauya. Shi mai cin nama ne, amma a ba shi ƙananan kifi sukutum da ƙashinsu, da katantanwa da ɓawonta, da tana da fara, maimakon tsokar nama zalla. Yana buƙatar ruwa mai tsabta da dutsen da zai hau ya bushe sarai a rana, in ba haka ba ƙoƙon ya fara ruɓa.

Tudun bayan

An daɗe ana ɗora laifin tudun nan a kan furotin kaɗai. A shekarar 2003 masu bincike a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana a ƙasar Ostiriya suka reni jariran sulcata 50 na wata biyar, suka bambanta musu laimar iska da yawan furotin. Waɗanda suka taso a busasshen wuri su ne bayansu ya fi yin tudu, tasirin furotin kuwa kaɗan ne. Wannan ya yi daidai da rayuwarsa a daji. Duk da cewa ɗan Sahel ne, ƙarami yana wuni ne a cikin rami, inda ƙasa ke da danshi ko da sama ta bushe. Bahon roba a falo, ga fanka ga iskar hunturu, ba shi da ko ɗigon wannan danshin. Sabon ɓawon da ke tsirowa a tsakanin gidajen sai ya bushe ya ƙage, gidan ya tashi sama maimakon ya faɗaɗa. Saurin girma saboda abinci mai maiƙo da raunin ƙashin da ke ƙasa suna ƙara abin.

Gyaran mai sauƙi ne. Ki samu tsohuwar tukunyar ƙasa, a fasa mata ƙofa a gefe, a kife ta a inuwar shingen, a binne gindinta kaɗan. Ki riƙa yayyafa wa ƙasar ciki ruwa safe da yamma, ta yi danshi ba caɓi ba. Sharaɗi ɗaya ne: danshi da ɗumi suke tafiya. Danshi da sanyi mura yake kawowa, don haka daren hunturu a busasshen wuri mai ɗumi zai kwana. Sannan kullum da safe ki tsoma shi a ruwa mai ɗumi kamar na wankan jariri, zurfinsa iya haɓarsa, minti 15 zuwa 20, kina kallo. A nan zai sha, a nan zai yi kashi. Farin abin da ke fita tare da fitsarinsa in yana da laushi kamar kindirmo, ruwan jikinsa ya isa. In ya fito da tsakuwa-tsakuwa, yana cikin ƙishirwa. A bar masa kasko marar zurfi da ruwa a shingen.

Man gyaɗa ko man kaɗanya ba ya shiga ƙashi. Ƙura kawai yake tarawa a tsakanin gidajen, ya jawo tururuwa.

Inda dabarar gida ta tsaya

Kunkurun da ya kai ga jan ƙafa ciwonsa ya yi nisa, kuma amsa a rubuce ba ta maye gurbin hannun likita. Tsakuwar mafitsara da toshewar hanji da yashi su ma suna sa jan ƙafa, hoton ƙashi ne ke raba su. Ki kai shi wurin likitan dabbobi a makon nan. In kuwa ya daina ci kwana uku, ko jikinsa yana karkarwa, ko muƙamuƙinsa ya yi laushi, ko wani jan nama ya fito ta duburarsa, ko hancinsa yana kumfa, to ranar za a kai shi, domin yana iya buƙatar allurar kalsiyam da aka auna da nauyinsa.

Yawancin likitocinmu da shanu da awaki da kaji suka saba, don haka ki riƙe abu biyu. Maganin tsutsa da kaska mai suna ivermectin, wanda ake yi wa shanu da tumaki, yana shanye jikin kunkuru ya kashe shi ko da ɗan kaɗan ne. Allurar bitamin AD3E ta dabbobi kuma ta yi masa ƙarfi: yawan bitamin A yana saɓule masa fata, yawan D3 yana sa kalsiyam ya daskare a ƙoda da jijiyoyin jini. D3 ɗin da rana ke haɗawa ba ya wuce kima, jiki da kansa yake tsayar da shi.

A wannan lokacin ƙashinsa yana karyewa da sauƙi. A ɗauke shi da hannu biyu ta ƙasa, yara su daina ɗaga shi suna wasa, a kuma daina danna bayan don gwaji sai sau ɗaya a wata, a hankali. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, domin kunkuru yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela mai kawo zawo, ƙananan yara ƙasa da shekara 5 kuma sun fi kamuwa.

Ki riƙa auna shi da ma'aunin kicin duk mako kina rubutawa. Ƙarfin ƙafa ne ke fara dawowa, cikin 'yan makonni. Ƙoƙon yakan fara tauri bayan wata biyu zuwa uku, kammalawa kuma wata shida zuwa shekara. Tudun da ya riga ya yi ba zai koma ba. Abin da za ki duba shi ne farin layin sabon tsiro a tsakanin gidajen: in yana fitowa a shimfiɗe, danshin tukunyar ya isa, in ya ci gaba da nutsewa, ki ƙara yayyafin ki tsawaita tsomawar safe.